Motar gudu a ƙauye: yadda zaka riƙe ta da hannunka

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wannan rubutun naku ne ku masu motocin gudu da kuke zaune irin wurarenmu, Ringim, Taura, Gumel, Kazaure, Ɗambatta, Gaya da ƙauyukan da ke kewaye da su, ina nufin masu irin su BMW 330Ci, Celica, Golf GTI, Nissan 350Z, Prelude, Accord mai ƙofa biyu, motocin nan masu kwanciya a ƙasa da ake shigo da su ta Kwatano ko a saya na hannu a Kano. Ni 330Ci nake hawa shi yasa zaku ga misalaina sun fi karkata can, amma yawancin maganar ta shafi kowa.

Abu uku ne suke kashe waɗannan motocin a wajenmu, zafi da ƙura da gyaran lalube, kuma na ukun ya fi sauran ɓarna. Bakaniken garinku mutumin kirki ne kuma ya san aikinsa, amma a kan Golf 3 da Sharon da J5 na 'yan kasuwa ya ƙware, su kuwa motoci ne masu haƙuri, ko an cire musu wani abu an jona wani da waya zasu je kasuwar Gujungu su dawo da lodi. Taka ba haka take ba, injinta a matse yake, yawanci alminiyam ne, kuma kwamfuta ce take lissafa masa komai, toh idan kai mai ita baka san abin da take buƙata ba babu wanda zai sani a madadinka, sai dai a yi ta canza kaya ana gwadawa da kuɗinka.

Kayan aikin da zaka fara tarawa ba su da yawa. Akwatin soket daga lamba 8 zuwa 19, sukudireba, filaya, mitar awon wuta irin ta 'yan rewaya, gejin iskar taya naka na kanka, tocila, da sifanar nan mai awo wadda take yin ƙas idan noti ya kai ƙarfin da ake so. Masu motar Jamus ku ƙara da makullan Torx masu bakin tauraro don kusan ko'ina su ne a jikinta. Sai jek da matokaran ƙarfe guda biyu, kuma a nan ina roƙonku don girman Allah kada wanda ya shiga ƙarƙashin mota tana kan jek kaɗai. Ƙasarmu rairayi ce, jek yana nutsewa ko ya goce, bulon siminti kuma da mutane ke tokarawa da shi lokaci ɗaya yake rugujewa ba ya sallama. Ka nemi wuri mai daɓe, in babu ka shimfiɗa katako mai kauri a ƙarƙashin jek da matokaran, ka datse tayoyin da ke ƙasa da dutse, tayar da ka kwance kuma ka tura ta ƙarƙashin gefen motar.

Amma wanda ya fi duk waɗannan amfani shi ne ɗan ƙaramin sikana da ake ce wa ELM327, yana shiga aljihu, kuɗinsa kuma bai kai na cika tanki ba. Duk motar da aka yi wa kasuwar Amurka daga 1996, da masu fetur na Turai daga 2001, suna da soket mai rami 16 da ake kira OBD2, yawanci a ƙasan sitiyari wajen gwiwarka yake. Wasu tsofaffin BMW 'yan Turai nasu zagayayye ne mai rami 20 a cikin bonet, wannan sai ka nemi adafta. Ka soka sikanan, ka murɗa makulli, ka haɗa shi da wayarka ta Bluetooth ka buɗe manhajar Torque ko Car Scanner, ka sauke ta ranar da ka samu netwok mai kyau don bayan nan karanta kod, wato lambar matsalar da kwamfutar motar ta ajiye, ba ya buƙatar data. Abin da ta nuna maka ka rubuta shi a littafi da kwanan wata da lambar kilomita KAFIN ka goge, mutane da yawa suna gogewa su ga wutar cek ta mutu su ɗauka sun yi gyara, alhali shaidar kawai suka share. Kuma ka sani kod ba ya ce maka sayi kaza, wurin da za a duba yake nuna maka, yana iya kiran sunan sensa alhali sensan lafiyarsa lau, waya ce ta tsinke ko soket ya cika da ƙura. Idan wutar cek tana kunne a tsaye zaka iya lallaɓawa gida ka duba, idan kuwa tana ƙiftawa ka sauke ƙafa daga totur ka nemi wurin tsayawa, ɗanyen mai ne yake wucewa cikin salansa yana ƙone indomi, wato abin nan mai ramuka da ke cikin salansar yana tace hayaƙi.

Mu ɗauki wanda ya fi faruwa. Mota tana karkarwa a silo, ka taka tana shaƙewa, sikana ya ba ka P0303. Lambar ƙarshe ita ce silinda, wato na uku ne ba ya ƙona mai daidai, da P0301 ne na ɗaya kenan, P0300 kuwa abin yawo yake bai tsaya a guda ɗaya ba. Kafin ka sayi komai ka bari inji ya huce, ka cire kwayil ɗin na uku ka musanya shi da na ɗaya, ka goge kod ka ɗan zaga. In ya dawo P0301 toh laifin ya bi kwayil, shi ɗaya tak zaka saya. In ya tsaya a P0303 sai ka musanya fulogi haka nan, in har yanzu bai motsa ba magana ta koma kan nozil ko kan matsin silindan kansa, wannan sai an auna kamfireshan. Idan zaka kwance fulogi ka fara hure ramin tukuna, don yashin da ya taru a wurin kai tsaye cikin silinda zai faɗa, sabon kuma ka fara ɗaura shi da yatsu sai ya shiga lafiya kafin ka sa sifana, kan injin alminiyam ne zarensa ba ya jure ƙarfi. In ka tarar da baƙin mai kwance a ramin fulogi, gasket ɗin murfin sama ne ya bushe, aikin yamma ɗaya ne zaka iya da kanka, in ka bar shi kuwa zai yi ta lalata maka kwayil.

Sai P0171 da P0174, su kuma cewa suke iska ta fi mai yawa. A nan ne ake yawan sa mutum ya sayi famfon mai da nozil da sensar oksijin duk a banza. Ka shiga wurin da manhajar ke nuna aikin inji kai tsaye ka nemi LTFT da STFT, su ne adadin man da kwamfuta take ƙarawa ko ragewa, lafiyayyen inji kusa da sifili yake zama, in jimillarsu ta wuce +10 akwai magana. Yanzu ka lura da kyau, idan lambar tana sama a silo amma da ka riƙe totur a 2500 sai ta sauko, iska ce take shiga ta ɓarauniyar hanya, ka bi tiyon roba mai lanƙwasa da ke tsakanin sensar iska da inji, ka lanƙwasa shi da hannu ka haska tocila cikin ninkin, a BMW ɗinmu mai injin M54 can ƙasa inda ido ba ya kaiwa yake tsagewa. Idan kuwa lafiya take a silo sai ka taka ne take hawa, mai ne ba ya isowa, filtar mai ko famfo, ko kuma sensar iskar ta yi dauɗa tana ƙaryar awo. Ita wannan sensar da feshinta na musamman ake wanke ta, ba fetur ba feshin kafireto, kuma kada ka taɓa siririyar wayar cikinta da komai.

Yanzu maganar zafi, wadda ita ce ta fi damuna gaskiya. A watan Afrilu da Mayu zafinmu yana haura 40, da zarar mota ta fara ɗumi kuma shawarar farko da za a ba ka ita ce a cire tamostat, wato abin da ke tsare ruwa sai inji ya ɗumama, a yi wa fanka dairek ta yi ta juyawa ba tsayawa. Kada ka yarda. An yi injin ne ya yi aiki a zafin da ke tsakanin 85 zuwa 100, idan babu tamostat da safe ko a kan doguwar hanya da dare ba zai kai wurin ba, kwamfuta sai ta ɗauka har yanzu bai ɗumama ba ta yi ta zuba masa mai, ga shan mai ga baƙin fulogi ga fetur yana wanke jikin silinda yana gangarawa cikin baƙin mai, sannan P0128, kod ɗin da ke cewa inji bai ɗumama ba, ya zo ya zauna. Fanka dairek kuma ɓoye cutar kawai take yi, abin da ya hana ta tashi da kanta, rile ne ko sensa ko fiyus, yana nan ba a gyara ba. Kuma ba sai ka yi musu da dattijo a garejinsa a gaban yaransa ba, ka ja shi gefe ka ce Baba na san don kada ta yi zafi kake so a cire, Allah ya saka da alheri, amma wannan kwamfutarta jira take ta ga zafin ya kai, don Allah a sa mata sabo kawai ga shi na zo da shi. Yawancinsu in ka zo da ladabi kuma da kayanka a hannu zasu yi maka yadda kake so.

Ainihin abin da ke sa ta zafi sau da yawa a fili yake. Ka leƙa tsakanin lagireto da kwandensar esi, musamman bayan kaka lokacin da ake shanya da sussuka a bakin titi, zaka tarar da ƙaiƙayi da gashin kaji da ƙura sun toshe rabin wurin, ka wanke da tiyo mai ruwa a hankali daga ɓangaren inji zuwa waje, ba da injin wankin mota mai ƙarfi ba don yana kwantar da siraran haƙoran. Murfin lagireto ma in ya saki ruwa yana saurin tafasa, don matsin da yake riƙewa shi ke ɗaga zafin tafasar. Ruwan rijiya da na burtsatse kuma kada su shiga motarka sai dai lalura a hanya, gishirin cikinsu yana daskarewa ya toshe hanyoyi ya ci alminiyam, kulant zaka sa wanda aka riga aka haɗa, ko mai kauri ka raba shi biyu da tataccen ruwa, in a wajen masu batir zaka sayi ruwan ka tabbatar ba mai asid suka ba ka ba. Masu E46, wato samfurin BMW irin 330Ci ɗina, ku ji wannan da kyau, tankin ruwan roba ne, gidan tamostat roba, wasu famfunan ruwan ma fikafikansu roba, duk sun haura shekara 18 a duniya tunda a 2006 aka daina yin ta, in baka san ranar da aka canza su ba ka canza su gaba ɗaya da tiyoyin ka huta. Wajen zuba ruwa ka murɗa makulli ba tare da ka tayar ba, ka kai hita ƙarshen zafi fankarta a ƙasa, ka sassauta ɗan sukurun fitar da iska da ke kusa da murfin, ka yi ta zubawa a hankali sai ruwa ya fito babu kumfa sannan ka ɗaure shi da sauƙi don shi ma roba ne. Allurar zafin da ke dashbod kuma kada ka dogara da ita, tana zama a tsakiya ko da zafin ya wuce 100, lokacin da zata motsa an kusa makara, shi yasa a doguwar tafiya nake barin wayata a kan lambar zafin na sa mata ƙararrawa. In ta taɓa ja ka kashe nan take, ko saura kilomita ɗaya ka isa gida, kuma kada ka buɗe murfi sai ta huce sosai.

Baƙin mai, abin da littafin motar ya ce shi zaka bi, yawancin waɗannan 5W-30 ne ko 5W-40, BMW tana neman mai ɗauke da LL-01 a jikin galan, GTI kuma VW 502 00. Za a ce maka ƙasarmu da zafi sai 20W-50, amma VANOS na BMW da VVT-i na Toyota da VTEC na Honda, wato masu daidaita buɗewar bawul, dukkansu da matsin baƙin mai suke aiki ta wasu ƙananan hanyoyi, mai kauri ko mai dauɗa yana jinkirin isa wurin, sai ka ga P0011 ko ka ji motar ba ta da ƙarfi wajen tashi. Da ƙurarmu ni a ganina juye duk kilomita 5,000 ya fi kwanciyar hankali, da sabuwar filta kowane juye, kuma ka sayi man a wurin da ka amince ka ga an ɓalle hatimin a gabanka don jabu ya yi yawa. Ka riƙa zaro sandar awo duk sanda ka sha mai, Celica mai injin 1ZZ na farkon shekarun 2000 an san su da shan baƙin mai, RX-8 kuwa haka aka ƙera ta tana ƙona kaɗan-kaɗan. Masu Prelude da yawancin GTI Mk5 ku tuna taimin ɗinku bel ne, in ya tsinke bawul da fistin zasu haɗu, wanda bai san tarihin nasa ba ya canza. GTI ɗin nan kuma akwai ɗan ƙoƙon ƙarfe a ƙarƙashin famfon mai na kan inji da yake cinyewa, arha ne amma in ya huje kamshaf yake ci, mai giyar DSG, wato otomatik ɗin VW, kuma duk kilomita 60,000 ake canza mata mai.

Filtar iska a hunturu duk sati biyu ka buɗe ka gani. Ka bubbuga ta a hankali ƙurar ta zube, kada ka kai wa mai faci ya busa da kwamfiresa, yana yaga takardar ta yadda ido ba zai gani ba, in ta yi baƙi ka sayi sabuwa, kuma ka goge cikin akwatin ka tabbatar murfin ya zauna daidai. Buɗaɗɗiyar filtar nan mai tsini da samari ke sawa don ƙara, a hanyar burji guba ce, iska mai zafi take ja daga jikin inji kuma ƙura tana wuce ta.

Fetur ma haka, na san wani lokacin babu yadda zaka yi sai 'yan bumburutu, amma in da hali ka cika a gidan mai mai yawan ciniki kafin ka shigo ƙauye, kuma kada ka saba barin tanki ƙasa da kwata don man ne yake sanyaya famfon da ke cikinsa. Waɗannan injinan yawancinsu man da ya fi namu ƙarfi aka yi musu, suna da sensar da ke ja da baya idan ta ji ƙwanƙwasa amma tana da iyaka. In ka taka a babbar giya da tsakar rana ka ji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, ka sauke ƙafa ka sauko giya, in daga shan mai ya fara toh man ne. Masu inji mai tabo (turbo) kuma in kun yi tafiya mai nauyi ku bar ta a silo kamar minti ɗaya kafin ku kashe.

Da yawa cikin motocin nan tazararsu da ƙasa ba ta wuce santimita 12 zuwa 14 ba, ga tudun rage gudu a bakin kowane ƙauye wanda kowa yake yi da tsayin da ya ga dama, ga hanyar da amalanke da tifa suka rarake tsakiyarta ta yi tozo. Tudu a karkace ake hawansa taya ɗaya bayan ɗaya, a hanyar da ta rarake kuma ka ɗora tayoyinka a kan tozon maimakon ka bi ramin. Kaskon baƙin mai na wasunsu alminiyam ne, ba ya lotsewa fashewa yake, in ka ji ta daki ƙasa da ƙarfi ka tsaya ka leƙa, in jar wutar mai ta kama kuwa ko sakan goma kada ka ƙara. Shi yasa ƙarin farko da nake ba kowa shawara, kafin rim kafin salansa, shi ne farantin kariya a ƙasan inji. Mai walda na garinku zai iya, ƙarfe mai kaurin milimita 3, a ɗaure shi da noti a jikin ƙarfen da ke ɗauke da inji, kada ya taɓa kaskon, a bar masa ƙofar juye da ramukan shan iska, kuma in za a yi walda a jikin motar a cire kan batir tukuna. Yanke sifirin don ta ƙara kwanciya kuwa a wajenmu ban ga dalilinsa ba ko kaɗan. Da damina, musamman ku 'yan bakin kogin Haɗeja, ruwan da ya kai tsakiyar rim ku juya, bakin shan iskar waɗannan motocin a ƙasa yake, in kuma ta mutu a cikin ruwa kada a sake yi mata ki, a turo ta waje a kwance fulogai a fitar da ruwan, ki ɗaya yana iya lanƙwasa kwanrod, wato sandar da ke riƙe da fistin.

Taya kuma ga lissafin da ya kamata kowa ya sani kafin ya zuba kuɗi a rim 19. Taya 225/45 R17 da 225/40 R18 da 225/35 R19 kusan tsayinsu ɗaya ne a tsaye, amma gefen ta farko kusan milimita 101 ne, ta biyu 90, ta uku 79, wato duk girman da ka ƙara wa rim daga naman tayar ka rage, shi kuwa naman shi ke shanye rami. Ni 17 na zaɓa kuma ita nake ba da shawara in dai birkinka zai shiga cikinta. In zaka sayi taya ka nemi lamba huɗu da ke ƙarshen rubutun DOT, 2319 yana nufin sati na 23 na 2019, wadda ta haura shekara shida ko zanenta yana nan ka bar ta, zafin kwaltarmu ba ya raga wa tsohuwar roba. Iska kuma takardar da ke jikin ginshiƙin ƙofar direba zaka bi, da safe kafin ka motsa, mai faci in ka ƙyale shi geji 45 ko 50 zai ɗura maka irin na motar lodi. BMW da 350Z da tayoyin baya suke ja, a kan yashi ko jar ƙasa mai ruwa bayansu yana saurin zamewa, maɓallin DSC ko VDC ɗin nan mai hana zamewa ka bar shi a kunne. Hanyoyinmu akwai yara masu tallan bakin titi, akwai shanu, akwai mai babur da amalanke marasa fitila da magariba, kuma duk mun san gidan da aka yi zaman makoki saboda gudu, don haka kuɗin da zaka kashe a birki da fitila ya fi kowane ƙari daraja a wajena. Fad in ya rage milimita 3 ka canza, kada ka bar ƙarfen matse birkin yana reto a jikin tiyonsa ka rataye shi da waya, in ka gama ka taka birki sau da yawa sai ya yi tauri kafin ka motsa motar. Man birki yana shan danshi, duk shekara biyu a zubar a sa sabon DOT 4, DOT 5 kuwa wani abu ne daban ba a haɗa su. Notin taya da sifana mai awo, na E46 120 Nm ne, ba a hawa kan sifana da ƙafa.

Batir lafiyayye idan mota ta kwana 12.6 zai nuna, idan inji yana aiki kuma wajen 14, mita kaɗai ta isa ta gaya maka ko altaneta tana caji, kada ka bari kowa ya cire kan batir inji yana aiki wai gwaji, haka ake ƙone birenbos, wato kwamfutar motar. Sannan ɓeraye, wannan matsalarmu ce mu 'yan ƙauye, in kana ajiye mota kusa da rumbu ko ɗakin da aka jibge buhunan gero zasu shiga bonet su yi sheƙa su ci wayoyi, in ka wayi gari kod biyar ko shida marasa alaƙa da juna sun taso lokaci ɗaya ka fara neman kashin ɓera da tocila kafin ka zargi wani sensa. Ka matsar da ita nesa da hatsi, ka yi mata rumfa ko ta zana ce, ƙarƙashin darbejiya akwai inuwa amma kashin tsuntsaye yana cin fenti.

Masu tambayar a taɓa kwamfuta a ƙara wa motar doki, wato ƙarfin inji, yawancin waɗannan saitin don fetur mai lamba 98 aka rubuta su kuma a ƙasashe masu sanyi, ka ɗora shi a kan man da baka san asalinsa ba a zafin Mayu fistin kake wasa da shi. Cire indomi ma ƙarfin da yake ƙarawa bai taka kara ya karya ba, sai wari da P0420, kuma in zaka bar motarka kwana a wani wuri ka san yana nan ka kuma duba in ka karɓa don yana da tsada a kasuwa. Motar da ta shekara 20 dokinta da suka ɓace suna cikin tsofaffin fulogai da tiyon da ya tsage da bushin da ya mutu da shokozoba da ta zube, ka mayar da waɗannan ka yi alaimen, wallahi zaka ji kamar wata motar aka ba ka.

In zaka shiga Kano sayen kaya, Ƙofar Ruwa ko wajen dilan da ka sani, ka tafi da lambar shasi mai harafi 17 da tsohon kayan a leda, masu BMW ku sa bakwai na ƙarshe a shafin RealOEM zai ba ku lambar kowane kaya da zanensa, ku daidaita da mai shago tun kafin ka biya cewa in bai yi ba zaka dawo da shi. Sensa da kwayil da tamostat gara na asali ko da na Kwatano ne da sabo marar suna, amma roba da bel da tiyo sabbi kawai. Akwai kuma inda ya kamata ka tsaya, idan ruwa yana raguwa babu inda yake ɗiga, tiyon sama yana yin tauri daga tayarwa, farin hayaƙi ba ya ɗaukewa ko baƙin mai ya koma fari-fari mai kumfa, tof gasket ne, wannan da cikin giya da wayoyin eyabag masu soket ruwan ɗorawa ba aikin tsakar gida ba ne. Ka nemi wanda ya saba da irin motarka a Kano, in otomatik ce a ɗora ta a kan mota kada a ja ta da igiya tun daga nan don giyar ba ta samun mai idan inji a kashe yake, ka tafi da littafinka ka nuna masa kod ɗin da ranar da ya fara da abin da ka riga ka gwada, kuma ka ce duk abin da aka cire a ajiye maka shi ka gani.